Darasi na Tara: Faɗuwa Daga Kan Babur

A Garwa da Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, da wuya ka sami gidan da babur ba ya yi wa aiki. Shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko buhun gero daga kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Matasa da yawa da kilando, wato haya da babur, suke ci da iyayensu. Don haka wannan darasi na kowa ne, mai tuƙi da wanda ake goyawa a baya. Malami ya fara karantawa da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa ɗaya bayan ɗaya.

Labari don karatu

Wani ɗan kilando ya ɗauki fasinja daga Garwa zuwa kasuwar Pitowa. Ya sauke shi lafiya. A hanyar dawowa yana shi kaɗai, sai akuya ta fito daga ciyawa ta tsallaka titi. Ya danna birkin gaba da ƙarfi, tayar ta hau yashin da ke bakin kwalta, babur ya zame. Kansa ne ya fara bugun ƙasa, ta gefen hagu, sannan jikinsa ya ja a kan kwalta.

Yana sanye da hular kwano, kuma ya ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. A ƙafarsa kuwa silifas ne, hannunsa ba safa. Fatar tafin hannunsa biyu ta saɓule, farcen babban yatsan ƙafarsa ya cire, salansa ta ƙona masa ƙwauri. Kansa bai fashe ba. An kai shi asibiti, aka wanke raunukan, aka yi masa allura, aka duba shi sosai kafin a sallame shi.

Da ya warke ya kai babur gareji, hular tana rataye a kan madubi. Tsohon bakaniken ya karɓa ya jujjuya ta.

"Yaro, wannan ta gama aikinta. Ka nemi wata."

"Haba Baba, ai ƙarzuwa ce kawai. Ko tsagewa ba ta yi ba."

Tsohon ya janye yadin da ke ciki, ya nuna masa farin soson da ke ƙarƙashi. A gefen hagu ya lotsa, ya yi tauri, har da siririyar tsaga. A gefen dama kuwa yana nan da kaurinsa.

"Taɓa nan, ka taɓa nan. Bugun da ya lotsa wannan, kanka ya nufa. In ka sake faɗuwa ta wannan gefe, ba sauran abin da zai tare maka."

Abin da ke faruwa da kai

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo a ƙwarya. Idan kai ya bugi kwalta ya tsaya nan take, ƙwaƙwalwar ba ta tsaya tare da shi ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki. Jijiyoyin jini kan tsinke, jini ya taru inda ba shi da hanyar fita. Karayar hannu ana ɗorawa, fata tana sake tsirowa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya mutu ba ya dawowa. Wani ya rasa magana, wani ya rasa gefen jiki, wani ya rayu amma bai ƙara gane 'ya'yansa ba.

Mutane kan ce, "Ai ba gudu nake yi ba." To, wanda ya yi karo yana tafiyar kilomita 50 a awa, bugun da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wato kusan saman bene mai hawa uku. Kuma wannan gudun a cikin gari ake yin sa kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta ce sanya hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. A nan Kamaru ma, dokar haya da babur ta shekarar 2008 ta wajabta hular.

Hula ta gaske da hular ganin jandarma

Hular kwano ta gaske tana da abu huɗu. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda ke hana dutse ko ƙarfe huda kai. Ƙarƙashinsa akwai farin soso mai kauri, irin wanda ake sa wa talabijin a cikin kwali, amma ya fi shi ƙarfi. Wannan soson shi ne ran hular, domin shi ke lotsawa ya shanye bugu. Sai yadi mai laushi da ke taɓa fata, sai igiya.

A kasuwa za ka ga huluna marasa nauyi, roba ce zalla da ɗan yadi a ciki. Za ka ga wasu sun sa hular magina, wadda aka yi don tare bulo ko ƙarfe da ya faɗo daga sama. Waɗannan ba sa hana komai sai tambayar jandarma a shinge. Araha ba ta ado. Kafin ka biya kuɗi, sa yatsa ka janye yadin ciki ka ga soson da idonka. Kama gefen hular biyu ka matsa. In ta lanƙwashe cikin sauƙi, ajiye ta. Duba igiyar kuma. Hulunan da aka gwada bisa ƙa'idar Turai suna da ƙaramin ƙyalle ɗinke a jikin igiya, da harafin E da lamba a cikin da'ira. Akwai masu buga na jabu, don haka kada alamar ta hana ka duba soson. Hular da ta rufe haɓa da muƙamuƙi ta fi wadda ta tsaya a kunne, saboda sau da yawa fuska ce ke fara isa ƙasa.

Sai maganar igiya, wadda ita ce ta fi damuna. Tsaya a bakin gadar Binuwai da safe ka ƙirga masu hula, sannan ka ƙirga waɗanda suka ɗaure. Hular da ba a ɗaure ba takan tashi daga kai tun kafin mutum ya kai ƙasa, ta gangara gefe guda lafiya lau, mai ita yana kwance cikin jini. Ɗaure ta yadda yatsa biyu kawai za su shiga tsakanin igiya da haɓarka. Girgiza kai hagu da dama. In hular tana yawo, ta yi maka girma.

Na san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40. Hular tana sa gumi, ba mai musun wannan. Nemi mai launin fari ko mai haske, mai ƙofofin iska, ka riƙa wanke yadin ciki. Fasinjan da ke ƙyamar sa hular da wani ya sa, ya shimfiɗa hankici ko ɗankwali marar kauri a kansa tukuna. Mai cewa kuma "in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa", gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma ya tuna da mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah.

Sauran jiki

Mutum in zai faɗi, hannu yake fara miƙawa, shi ya sa safar hannu ta fata take da amfani. Takalmi ya zama rufaffe, in so samu ne mai rufe idon sawu. Dogon wando mai kauri da riga mai dogon hannu suna rage saɓulewar fata da ƙunar salansa. Da dare a sa riga mai ɗaukar haske, a tabbata fitilar baya tana aiki.

Mata su kula da wannan sosai: bakin hijabi, ko gyale, ko zane, yana shiga cikin taya ko sarƙa, ya fizgo mace ƙasa ta wuya. Kafin babur ya tashi, a tattara tufa a danne a kan cinya. Mai babbar riga ma haka. Ɗan kilando na kirki yakan waiga ya ce, "Hajiya, a tattara hijabin," kafin ya sa giya.

Idan kai ka fara isa wurin

Mutanenmu ba sa wuce wanda ya faɗi, kuma wannan hali ne mai kyau. Sai dai gaggawar taimako takan ƙarasa wanda hula ta tsirar. Da farko a tsayar da motoci, a kashe babur, kada kowa ya kunna taba kusa da man da ya zube. Mutum ɗaya ya kira 118, masu kashe gobara da ceto, ko 117, 'yan sanda.

Kada a ɗaga shi zaune, kada a ja shi ta hannu, sai in wuta ko mota za ta same shi a inda yake. Wataƙila ƙashin wuyansa ya karye, kuma juyi ɗaya na iya shanye masa jiki har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe hular da hannu biyu don kada kan ya motsa. A buɗe gilashin hular, a yi masa magana. In yana numfashi, a bar masa hularsa. Ba a cire ta sai in ba ya numfashi ko amai ya toshe masa baki, kuma mutum biyu ke yi, ɗaya na tallafe da wuya. Kada a ɗura masa ruwa ko madara. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. In dole ku za ku kai shi asibiti, a kwance za a ɗauke shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, kai da wuya da baya a miƙe, cikin mota. Kada a goya shi a wani babur.

Ƙujewar kwalta ruwa mai tsabta da sabulu take so, har yashin ya fita. Ba a zuba mata baƙin mai, ko fetur, ko toka, ko ƙasa. A je a yi allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na kamar minti 20. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, kada a fara da gidan mai ɗori.

Akwai wanda zai tashi ya kaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa lau, alhali jini na taruwa a kansa sannu a hankali. Duk wanda kansa ya bugu, iyalinsa su sa masa ido kwana biyu. In ya yi ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko maganarsa ta rikice, ko ya yi farfaɗiya, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.

Aiki

1. Me tsohon bakanike ya nuna wa yaron a cikin hular? Me ya sa ya ce a canza ta?

2. Kwafi wannan jimla sau uku a littafinka: Na ɗaure igiyar hulata kafin in tashi babur.

3. Babur mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan mai tuƙi ya kalli wayarsa na daƙiƙa 3, mita nawa ya wuce bai ga hanya ba?

4. A ce kuɗin hula sefa 15,000 ne. Ɗan kilando yana ajiye sefa 250 kullum. Kwana nawa zai yi kafin ya saya?

5. Rubuta lambobin 117 da 118 a takarda, ka adana su a wayarka.

A zama na gaba, duk mai hular kwano a gida ya zo da ita. Za mu janye yadin kowace mu duba soson, sannan mutum biyu-biyu su gwada riƙe kan wanda ya faɗi a kan tabarma.