Yadda za ka gyara bayanin tree-sitter a littafin Emacs

Emacs manhajar rubutu ce da masu shirya kwamfuta ke amfani da ita. Tun daga Emacs 29, wanda ya fito a 2023, manhajar tana iya amfani da wani kayan aiki mai suna tree-sitter wajen rarraba rubutun shirin kwamfuta reshe-reshe, kamar bishiya. Bayanin hakan yana cikin fayil ɗin doc/lispref/parsing.texi. In wata jimla a ciki ta ɗaure maka kai, ga yadda za ka yi.

1. Sauko da fayilolin tushen Emacs ta Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, ka buɗe fayil ɗin.

2. Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, tabbatar da abin da jimlar ke nufi. In, alal misali, maganar umarnin treesit-node-at take yi, danna C-h f (Ctrl da h tare, sannan f) a cikin Emacs, ka rubuta sunansa ka karanta bayaninsa, sannan ka gwada shi a kan ɗan gajeren shiri. Nan aka fi yin tuntuɓe: garin gyaran nahawu sai a ɓata ma'ana.

3. Raba doguwar jimla gida biyu. Sunan da aka fara kiran abu da shi, bar shi haka har ƙarshe. Af, a rubutun Emacs gurbi biyu ake bari bayan aya.

4. Rubuta make info a tagar umarni (terminal) don a haɗa littafin, ka karanta abin da ya fito.

5. Haɗa gyaran ya zama fayil da umarnin git format-patch, ka tura wa masu kula da Emacs ta M-x submit-emacs-patch (M-x na nufin danna Alt da x tare a cikin Emacs).