Idan Yaro Ya Rasu a Hannunki: Abin da Nake Koya wa Sababbin Nas

Ƙanwata, na daɗe a ɗakin yara a wani asibiti nan Jos, kuma har yau ƙirjina na bugawa idan likita ya ɗago kai daga kan yaro ya dubi agogo. Ranar da hakan ya same ki, ga yadda nake yi.

Fara da yaron. Ja labule, rubuta lokaci a folda, kashe iskar oksijin. Jiƙa auduga kafin ki ɓare filasta, ki zare allurar ruwa da robar hanci a hankali kamar yana ji. Shafe masa ido, goge masa baki, ki lulluɓe shi da zanen uwarsa, wanda ta goyo shi da shi. Fuskar nan ita za ta riƙa gani har ta tsufa, kada ki bar ta da jini ko shatin filasta.

Sai uwar. Kada ki faɗa mata a tsaye, kina wucewa da tire. Zauna kusa da ita, ki nemo kakar yaron ko wanda ya rako ta, ki faɗa a fili: "Maman yaro, sai haƙuri, Allah ya yi masa rasuwa." Idan kika tsaya kewaye-kewaye, za ta ɗauka suma ya yi. Daga nan ki yi shiru, ki bar hannunki a kafaɗarta.

Ki lura da mai ɗan fari. Wata yarinya daga Unguwar Rogo, zazzaɓin cizon sauro ya shanye jinin ɗanta. Da na gaya mata, ko ɗigon hawaye babu, sai ta hau ninke kayansa tana jerawa a leda. Wata sabuwar nas ta ce uwar ba ta damu ba. Alkunya ce, ga surukarta tsaye. Na ce wa uwar ta biyo ni ta sa hannu a takarda, na rufe ƙofa, nan ta zube a jikina. Ki samar wa irinta ƙofar da za a rufe.

Akwai maganar da na hana a ɗakina: "Da kun kawo shi da wuri." Ko gaskiya ce, ba ranarta ba ce. Haka "Allah zai ba ki wani", domin wannan ɗin take so. Ga Musulma, "Allah ya sa mai ceto ne" ta wadatar. Ga Kirista ki ce Allah ya ta'azantar da ita, ki tambaya ko a kira fastonta. A Jos gadajenmu a haɗe suke, ki tambaya kafin ki yi addu'a da ƙarfi.

Idan mai shayarwa ce, ki gaya mata nono zai cika ya yi ciwo. Ta sa rigar mama mai riƙewa, ta ɗora tsumma mai sanyi, ta tatse kaɗan kawai don ta samu sauƙi, ta sha farasitamol, ta dawo idan zazzaɓi ya zo. Kusan kowa yana mantawa da wannan. Ki kuma hanzarta takardu, tunda Musulmi suna son a yi jana'iza a ranar.

Sauran uwaye duk sun ji. Ki zaga gado-gado, ki taɓa kowane yaro, ko da ɗigon ruwan kawai za ki duba.

Yanzu ke. Wanke hannu, sha ruwa, ki nemi minti biyar. Idan kuka ya zo ki yi. Na yi shekaru ina haɗiye nawa, ina ganin rashin tawakkali ne, sai da na tsaya a kan hadisin rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), wanda bai kai shekara 2 ba. Annabi ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abokiyar aikina Kirista ta ce su ma suna da aya a Yohanna 11:35, inda Yesu ya yi kuka a kan Li'azaru. Tun daga nan, idan ɗayarmu ta shiga ɗakin canza kaya, ɗayar ke riƙe mata marasa lafiya. Da kin fito, maganin farko da za ki ba wani yaro ki sa wata ta duba miki lissafin, hankalinki bai gama dawowa ba.

Kada kuma "kwanansa ne ya ƙare" ta hana ki buɗe folda. Ajali gaskiya ne, bincike kuma amana ne. Ki je taron bitar mace-mace, ki faɗi abin da kika gani: jini ne ya makara, ko oksijin ya ƙare, ko an daɗe ba a auna sukari ba. Idan kuskurenki ne, ki gaya wa matiron, shugabar nas-nas, da bakinki.

Idan makonni suka wuce barci ya ƙi, ko kina kauce wa wani gado, ko kina tashin yaranki cikin dare don ki ji suna numfashi, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ki ci gaba da addu'arki. Ni sai da na yi wata biyu ina wannan tashin kafin na je. Yanzu idan na sauka daga aikin dare da aka yi rashi, nakan yi wanka, in yi raka'a biyu, in ambaci sunan yaron, sannan in dama wa nawa koko.