Kurakuran da masu dawowa daga tafiya suke yi idan korona ta kama su

Mutanenmu na Legas matafiya ne. Wani ya tafi Umara, wani Dubai ko Guwanzu saro kaya, kuma kusan kowa ta filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja yake sauka. Ta nan ne ma mutumin farko da aka tabbatar yana da korona a Najeriya ya shigo, wani ɗan Italiya, gwaji ya tabbatar ranar 27 ga Fabrairun 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan cutar a watan Mayun 2023, sai da yawa suka ɗauka ta tafi ke nan. Tana nan, kuma har yanzu tana kayar da tsofaffi.

Babban kuskure yana faruwa ne a kwanakin farko. Alhaji ya sauka da ƙaiƙayin maƙogwaro da kasala, sai a ce gajiyar hanya ce ko sanyin jirgi. Kafin la'asar falo ya cika da 'yan barka da sauka daga Agege da Idi-Araba, ana musabaha, ana rungume-rungume, kofi ɗaya na zamzam yana zagayawa daga bakin jika zuwa bakin kaka. A daidai wannan lokacin ne cutar ta fi yaɗuwa, daga kwana ɗaya ko biyu kafin alamu su fito zuwa kwana biyar na farko. Gyaran ba wuya. A jinkirta taron, a aika wa kowa dabinonsa da zamzam ɗinsa gida, a gaisa ta waya. Wanda ya ji haushi zai huce. Idan gidan haya ne ɗaki ɗaya, a buɗe taga, mara lafiya ya sa takunkumi, a kai Hajiya babba wajen wani ɗan'uwa na 'yan kwanaki.

Sai batun zazzaɓi. A Legas jiki na yin zafi an yanke hukunci cewa maleriya ce, a aiki yaro kemis. Wataƙila ita ce, wataƙila ba ita ba, wataƙila duka biyun. A gwada jini, a kuma yi gwajin korona. Gwajin gaggawa na hanci kan nuna babu a rana ta farko alhali akwai, don haka a sake bayan awa 48. Ka faɗa wa likita ƙasar da ka fito da ranar da ka sauka, musamman idan Saudiyya ce, domin can akwai wata cutar numfashi, MERS, da aka gano a 2012.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗen magani. Amoxicillin da azithromycin ba sa kashe ƙwayar korona. Kulorokwin ma an gwada, bai yi ba, kuma a Maris ɗin 2020 sai da aka kwantar da mutane a asibiti a nan Legas saboda sun sha fiye da kima. Dexamethasone na wanda ake ba iskar oksijin ne a asibiti, ga mai ciwon suga kuwa yana iya harba sugan sama. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi da ciwon jiki, kada babba ya wuce giram 4 a yini, kuma a duba kwalin maganin mura, don yawancinsu akwai farasitamol a ciki. Shayin citta da zuma yana sanyaya maƙogwaro, a sha, amma ba ya maye gurbin ganin likita.

Akwai kuma masu jin sauƙi kwana biyu su faɗa danfo zuwa Mile 12 ko Alaba Rago, su shiga sahun Juma'a suna tari. Mara lafiya yana da uzuri. A zauna gida har zazzaɓi ya yi yini da kwana bai dawo ba ba tare da magani ba, a ci gaba da sa takunkumi har kwana goma.

Kuskure mafi haɗari shi ne jira har dare ya raba. Idan numfashi yana sarƙewa, ƙirji yana ciwo, mutum ya fara ruɗewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura bayan doguwar tafiyar jirgi, to a kama hanyar asibiti nan take, kowa ya san cunkoson garin nan. Mai ciki, mai hawan jini, mai suga, mai asma da wanda ya haura shekara 60 su ga likita tun ranar farko. Layin kira kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, shi ne 6232.