Yadda Za Ka Fitar da Takardarka Daga Ofishin da Ya Saba da "Je Ka Ka Dawo"

A shekarar 1983, masanin tattalin arzikin ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya sa abokan aikinsa suka gwada yi wa wani ƙaramin wurin ɗinki rajista a birnin Lima ta hanyar bin kowace ƙa'ida, kuma sai da aikin ya cinye kwana 289. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta aka ce masa oga ba ya nan ya san cewa a mafi yawan irin waɗannan kwanaki fayil yana kwance ne a kan tebur, ba mai taɓa shi. Abin da ke tayar da shi kuwa rubutacciyar shaida ce, domin ofis ba ya tuna maganar baki.

Kafin ka miƙa komai, ka nemi a ba ka jerin abubuwan da ake buƙata a rubuce. Idan babu shi, ka rubuta abin da jami'in ya faɗa a gabansa, ka karanta masa, sannan ka tambaye shi ko akwai saura. Wannan tambaya takan hana a ƙirƙiro maka sabon sharaɗi a zuwa na biyu. Daga nan ka jera takardunka ka duba sunanka da ranar haihuwarka harafi bayan harafi. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da aka mayar wa takardun fansho bayan ta wuni a layi, saboda harafi ɗaya ya bambanta tsakanin katinta da takardar ɗaukarta aiki, kuma har yau ina tuna yadda ta naɗe su cikin leda hannunta yana rawa. Irin wannan saɓani a gida ake gano shi, kuma a wurare da dama takardar rantsuwa tana warware shi.

Kada ka bar asalin takarda a hannun kowa sai doka ta wajabta. Ka miƙa kwafi, ka riƙe wani, ka roƙi a buga hatimi da kwanan wata a kan naka, ka kuma karɓi lambar fayil. A ganina wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, domin ranar da aka ce fayil ya ɓace, kwafin mai hatimi ne kaɗai zai nuna cewa ka taɓa zuwa. Ka ware ƙaramin littafi kana rubuta ranar kowane zuwa, da muƙamin wanda ka gani, da abin da ya ce.

Abin da ya fi cin rai shi ne ofisoshi biyu su riƙa jifan juna da kai, wannan ya ce sai ka kawo takardar wancan, wancan ya ce sai ka kawo ta wannan. Zirga-zirga ba ta warware wannan ƙulli. Ka rubuta wasiƙa ɗaya ga shugabannin ofisoshin biyu, ka bayyana saɓanin cikin layi kaɗan ba tare da zargi ba, ka nemi su faɗa a rubuce wace takarda ce ke zuwa farko. Sau da yawa jami'in da ke gabanka tsoron sa hannu yake yi kada laifi ya faɗo kansa, kuma umarnin na sama yana cire masa wannan tsoro. Saboda haka ka yi masa magana da ladabi, amma kada ka ba da cin hanci, domin yana ƙara wa jinkiri daraja ne, kuma wanda ke bayanka a layi shi zai biya.

Idan wa'adin da aka ɗiba ya wuce shiru, ka aika wasiƙar tuni mai ɗauke da lambar fayil. Idan ita ma ba a amsa ba, ka kai kuka ofishin sauraron koken jama'a, irin wanda ƙasar Suwidin ta kafa tun 1809 kuma ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Ka haɗa da kwafin mai hatimi da ranakun da ke cikin littafinka, sannan ka faɗi abu ɗaya tak da kake so a yi maka da ranar da kake buƙatarsa.