Idan Aka Tambaye Ka Ko Wanda Ya Ja Da Baya Ya Taɓa Samun Ceto

Wannan tambaya ba ta cika fitowa daga bakin masu son gardama ba. Galibi uwa ce, ko matar aure, ko abokin da aka yi musu baftisma rana ɗaya. Sai an tashi sujada ta matso, ta rage murya: "Malam, yaron nan nawa da yake jan waƙa a da, yanzu ya ce bai yarda da komai ba. Anya ya taɓa samun ceto kuwa?" Na daɗe ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, ga kuma yadda nake bi da ita.

Kada ka yi saurin buɗe aya. Fara jin abin da ya faru. Akwai wanda ya faɗi cikin zunubi, kunya ta hana shi shigowa majami'a. Akwai wanda shugabannin ikilisiya suka ɓata wa rai, ya yi fushi da su har abin ya shafi Allah. Akwai mai shakka da ya rasa wanda zai saurari tambayoyinsa. Akwai kuma wanda ya fito fili ya ce ya rabu da Almasihu. Duka muna cewa sun ja da baya, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Daga nan ka karanta ayoyin ɓangare biyun, ba na ɗarikarku kaɗai ba. A Yohanna 10:28-29 Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Filibiyawa 1:6 ta ce wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu zai kammala shi. A Matiyu 7:23 kuwa abin da Yesu ya gaya wa masu annabci da sunansa shi ne bai taɓa saninsu ba, bai ce ya san su sannan ya manta ba. To amma Ibraniyawa 6:4-6 na nan, tana maganar waɗanda aka haskaka, suka sami rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sannan suka fanɗare. A Luka 8:13 ma irin da ya faɗa kan dutse su ne masu ba da gaskiya na ɗan lokaci, gwaji na zuwa su janye. Duk malamin da ya ɓoye maka rabin waɗannan ayoyi bai yi maka adalci ba.

Ka kuma san cewa rigimar ta girme mu. A shekara ta 250 sarkin Roma, Desiyus, ya ba da umarni kowa ya yi wa gumaka hadaya ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa sun yi, wasu kuma sayen takardar suka yi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka. Nobatiyan, wani shugaban ikilisiya a Roma, ya ce a rufe musu ƙofa, amma Korneliyus bishop na Roma da Sifriyan na Kartej suka ce a karɓe su bayan sun nuna tuba, kuma hanyarsu ce ikilisiya ta bi. Can daga baya, a 1610, almajiran Arminiyus, wani malamin tauhidi a Holan, suka rubuta cewa batun ko mai bi na gaske zai iya faɗuwa yana bukatar ƙarin bincike. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a garin Dort a Holan daga 1618 zuwa 1619 ta amsa cewa zaɓaɓɓe zai iya yin mummunar faɗuwa, ta ma kawo misalin Dawuda da Bitrus, amma Allah ba zai bar shi ya hallaka ba. Wesli, wanda ya assasa ɗarikar Metodis, da mabiyansa suka ce mai bi na gaske na iya yasar da cetonsa. Katolika kuwa suna koyar da cewa babban zunubi na raba mutum da alheri, tuba kuma ta maido shi.

Ni dai na fi karkata ga cewa Allah yana riƙe nasa har ƙarshe. Sai dai ba na yarda a ɗauki 1 Yohanna 2:19, inda aka ce sun fita daga cikinmu don da ma ba namu ba ne, a manna wa duk wanda ya yi wata uku bai zo sujada ba. Ka sauka zuwa aya ta 22 ka ga su wa ake nufi: masu musun cewa Yesu shi ne Almasihu, suna kuma neman ɓad da wasu.

Abin da ya fi taimakona a aji shi ne in sa a buɗe Filimon aya ta 24. Bulus ya jera abokan aikinsa, cikinsu har da Markus da Dimas. Markus ɗin nan shi ne ya bar su a Bamfiliya ya koma Urushalima, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 13 da 15 suka nuna. Sai in ce a juya zuwa 2 Timoti 4. Aya ta 10: Dimas ya yashe Bulus saboda ƙaunar duniyar nan, ya tafi Tasalonika. Aya ta 11: a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi. Da an tambaye mu ranar da Markus ya juya, da mun yanke masa hukunci, mun kuma yabi Dimas. Haka daren da aka kama Yesu: Yahuza ya bashe shi, Bitrus ya yi ta rantse-rantse bai san shi ba. Mai kallo daga gefe ba zai iya bambance su a wannan dare ba. Ko Dimas ɗin ma, Bulus ya faɗi abin da ya yi da inda ya tafi, bai faɗi makomarsa ba.

Saboda haka ga uwar nan ba na cewa "ai tun da ya taɓa karɓar Yesu, ki kwantar da hankalinki". Wannan zai sa ta daina nemansa. Ba na kuma cewa "da ma can bai tuba ba", domin ban ga zuciyarsa ba. Nakan ce: "Mama, Ubangiji ne ya san nasa. Yaron yana da rai, ba a rufe littafinsa ba. Yaushe rabon da wani daga cikinmu ya je wurinsa?" Sau da yawa amsar ita ce ba wanda ya je.

Ka lura, ko ka bi Dort ko ka bi Wesli, aikin da ke gabanka ɗaya ne: Yakubu 5:19-20 ta ce a komo da wanda ya bauɗe. In za ka je, je kai kaɗai da fari, kada ka kwashi tawagar dattawa kamar masu zuwa kama ɓarawo. Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u, kana kula da kanka. Ka gaishe shi, ka tambayi aikinsa da iyalinsa, ka bar shi ya yi magana har ya gaji. In ikilisiya ce ta cuce shi, ka amsa cewa an cuce shi, kada ka kāre wanda ya yi laifi. In tambaya ce ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika, ka kuma koma da gaske. Kada ziyarar ta zama sau ɗaya.

In ya dawo, 2 Korintiyawa 2:7-8 ta ce a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya sha kansa. Zai iya tambaya ko sai an sake yi masa baftisma. Katolika da Anglikan da Lutaran ba sa maimaita ta, wasu ikilisiyoyin Baftis kuwa sukan yi wa wanda ya ce sai yanzu ya ba da gaskiya. Wannan kada ka yanke shi kai kaɗai, ka raka shi wurin fastonku.