Yadda Mai Shago Zai Adana Cakulan a Zafin Kumasi

Duk mai shago a Aboabo ko Asawase da ya taɓa buɗe kwalin cakulan ya tarar da shi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ya san cewa ba a ajiye wannan kaya yadda ake ajiye alewa da biskit. Dalili shi ne man koko da ke cikinsa, wanda yake narkewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 34, wato ƙasa da zafin jikin mutum. Idan ya narke ya sake daskarewa, sai man ya taso sama ya bar wannan farin tabo. Ba fumfuna ba ce, kuma ba ya cutar da mai ci, amma wanda ya gani sau ɗaya da wuya ya dawo shagonka.

Wurin da ya dace da shi shi ne busasshen wuri mai sanyin digiri 15 zuwa 18, abin da shagon kwano ba zai taɓa samarwa ba, don haka dole ka koma ga firij. A nan ne mafi yawanmu muke kuskure. Ka bar kowane cakulan cikin takardarsa, ka jera su a roba mai murfin da iska ba ta shiga, ka sa a inda sanyi bai yi tsanani ba, nesa da kifi, albasa da duk abu mai ƙarfin wari, domin mai yana jan wari. Idan ka fito da robar, kada ka buɗe ta sai sanyin ya sake ta, domin in ka yi gaggawa raɓa za ta kwanta a kan cakulan ɗin ta narkar da sukarin samansa, in ya bushe kuma ya yi tsakuwa-tsakuwa a baki. Ranar da aka ɗauke wuta, ka rage buɗe firij ɗin.

Wajen sari, ko na Golden Tree da ake yi a Tema za ka ɗauka ko na waje, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ka je Adum ko Kejetia da sassafe, ka dawo da kayan cikin kula kafin rana ta yi tsaka.

Ghana ta mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, kuma wannan ciniki yana faɗowa ne a tsakiyar watannin zafi. Shawarata ita ce ka saro kaɗan-kaɗan a makon, gwargwadon abin da firij ɗinka zai ɗauka, ka kuma jera kwalayen da babu komai a ciki a kan kanta don masu wucewa su gani.