Yadda Ake Ƙara Wa Sandar Besbol Gudu da Ƙarfin Duka

Tsakanin mai jifa da mai duka a wasan besbol mita 18.44 ne kacal. Ƙwallon da aka wurgo da gudun kilomita 150 a awa tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka babu lokacin tunani, abin da jiki ya koya shi zai yi. Yawancin masu koyo kuwa da damtse suke duka, shi ya sa za ka ga ƙato ya zage iya ƙarfinsa, ƙwallo ta mirgina gaban mai jifa, wani siriri ya zo ya tsallakar da ita katanga. Ƙarfin dukan daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙafafu da ƙugu da ƙirji, hannu ne na ƙarshe da yake karɓa. Bayanin nan na mai duka da dama ne, bahago sai ya juya komai.

1. Riƙo. Hannun hagu a ƙasa kusa da gindin sanda, na dama a samansa, suna taɓa juna. Sandar ta kwanta a gindin yatsu, kada ka cusa ta cikin tafi. Kuma ka sassauta. Wanda ya damƙe sanda kamar za a ƙwace masa ya ɗaure wuyan hannunsa, ɗaurarren wuyan hannu kuwa ba ya bulala.

2. Tsayuwa. Buɗe ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa, ka ɗan rusuna, idanu biyu na kallon mai jifa. A nan kowa da salonsa, ba abin jayayya ba ne. Sadaharu Oh na Japan da ƙafa ɗaya a sama yake jiran ƙwallo kamar zalɓe, kuma sau 868 ya tsallakar da ita katangar fili.

3. Tara ƙarfi a ƙafar baya. Mai jifa na fara motsi, kai kuma ka mayar da nauyinka kan ƙafar dama, ka ɗan murɗa ƙugu baya har ka ji cinya da ɗuwawun dama sun ɗauki kaya. Nauyin ya zauna ta cikin ƙafar. Idan gwiwa ta wuce tafin ƙafa ta waje, ka yi lilo ke nan, kuma dawowa daga lilo ɓata lokaci ne. Hannaye na nan daidai kafaɗar baya.

4. Taku, hannu na baya. Nan ne gizo ke saƙar, don haka bari mu daɗe. Ƙafar hagu za ta yi gajeren taku zuwa wajen mai jifa, ta sauka a hankali a kan yatsu, amma hannaye da kafaɗu ba za su bi ta ba. Da dunduniya ta taɓa ƙasa sai ƙugu ya fara juyawa, ƙirji kuma har yanzu yana fuskantar faranti, wato alamar da ke ƙasa wadda mai duka ke tsayawa a gefenta. Wannan saɓani tsakanin ƙugu da kafaɗa shi yake miƙe naman ciki da na haƙarƙari kamar robar danƙo, kuma gwargwadon jan da aka yi mata gwargwadon nisan dutse. Ɗan dambe ya san wannan ko bai taɓa ganin besbol ba: naushin da ke kayar da mutum daga ƙugu yake fitowa, hannun da aka naɗe isar da saƙo kawai yake yi. Ted Williams, wanda ya kammala kakar 1941 da makin duka .406 (wato duka mai nasara 406 cikin kowace dama 1,000), abin da har yau ba a sake kaiwa ba a manyan gasannin Amurka biyu, ya yi ta nanata cewa ƙugu ne ke ja gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar ƙyauren ƙofa. Na biyu, taku mai tsawo da ke kwashe kai da nauyi gaba ɗaya zuwa gaba kafin ƙwallo ta iso. Tsawon taku ba shi ne ƙarfi ba. Shohei Ohtani da ya koma Amurka a 2018 ya bar ɗaga ƙafa sama da ya saba da shi a Japan, ya koma ɗan motsa ta a ƙasa saboda ya daidaita lokaci, ƙarfinsa bai je ko'ina ba.

5. Ƙafar gaba ta zama birki. Yayin da ƙugu ke juyawa, gwiwar hagu tana miƙewa har ta tsaya ƙyam daidai lokacin duka. Tsayawarta ce ke mayar da tafiyar jiki gaba ta koma juyi, kamar mai keke da ya taka birkin gaba kwatsam, kayan bayansa suka yi sama. Dunduniyar dama za ta ɗaga da kanta, ƙugu ne ke jan ta. Kada ka tsaya murza ta a ƙasa da gangan.

6. Hanyar sanda. Gwiwar hannun dama ta sauko kusa da haƙarƙari, hannaye su bi kusa da jiki, kan sanda ya biyo baya sannan ya fyaɗo. Mai miƙe hannu tun da wuri da'ira mai faɗi yake zanawa, kafin ya zagayo ƙwallo ta wuce. Lokacin haɗuwa tafin dama na kallon sama, na hagu na kallon ƙasa. Tunda mai jifa a kan tudu yake kuma ƙwallon gangarowa take yi, sandar ta ɗan hau sama kaɗan don ta tare ta a layinta. Sara ƙasa irin na faskare ba ya kai ƙwallo nesa. Bayan duka kada ka tsayar da sanda, bar ta ta ƙarasa bayan kafaɗar hagu.

Me ya sa ake wannan wahala a kan gudu? Lissafin da masana wasan ke amfani da shi shi ne, ƙarin mil 1 a awa a gudun sanda yana ƙara wa ƙwallo kusan mil 1.2 a awa, idan an same ta daidai. A 2024 ne MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta fara fitar da ma'aunin gudun sanda ga jama'a: matsakaici ya kama mil 71 zuwa 72 a awa, Giancarlo Stanton ya haura 80. Amma Luis Arráez yana can ƙasa wajen mil 63, kuma a shekarar ce ya lashe kambin makin duka karo na 3 a jere. Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, gudun da zai sa ka riƙa kuskure wurin da sanda ta fi duka da kyau, wajen inci 6 daga kanta, asara ce.

7. Atisaye. Fara da ƙwallo a kan turke, ba mai jifa, ka yi duka 5 zuwa 8 da iya ƙarfinka, ka huta, ka sake. Duka ɗari a gajiye jinkiri yake koya wa jiki. Samu ƙwallo mai nauyin kilo 2 ko 3 ka riƙa wurga ta bango ta gefe da irin juyin nan na ƙugu. Masu horarwa kuma suna haɗa sanda uku, ta wasa, da wadda ta fi ta nauyi da kamar kashi 20 cikin 100, da wadda ta fi ta sauƙi da haka. Kada ka wuce nan, sanda mai nauyi sosai salon dukan take canjawa. Ka ɗumama jiki tukuna, domin naman gefen ciki shi ke yawan yagewa a wannan wasa, kuma in da mai jifa a gabanka hular kwano dole ce.

Sai ka jingina wayarka a gefe, daidai ƙugu, ka ɗauki bidiyo mai tafiya a hankali. Tsayar da hoton a inda dunduniyar hagu ta taɓa ƙasa, ka matsa gaba kaɗan-kaɗan. Idan kan bel ɗinka ya fara juyawa alhali maɓallan rigarka na kallon faranti, ka kama hanya. Idan tare suka tafi, koma mataki na 4.